Ƙaurar aikin Ajaminmu daga Subversion zuwa Git: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka yanke shawarar kwashe aikin allon buga Ajami da haruffansa daga Subversion zuwa Git, tambayoyi ke ta zuwa daga Gadarif, Kasala, Sinnar da Port Sudan, da kuma 'yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka. Da yake ni aka ɗora wa juya tarihin aikin, na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a wuri ɗaya.

Mene ne ma Subversion da Git, ga wanda bai taɓa shiga harkar ba?

Dukkansu manhajoji ne masu riƙe tarihin aiki. Duk gyaran da aka yi wa fayil suna rubuta wanda ya yi shi, ranar da ya yi, layin da ya taɓa, da dalilin da ya bayar. Idan wasalin da ke zaune daidai a kan harafi bara ya karkace bana, da su ake komawa baya a gano gyaran da ya jawo.

Bambancin yana wurin da tarihin ke zaune. Subversion, wanda aka fara a 2000 kuma cikakken bugunsa na farko ya fito a 2004, yana ajiye tarihi kaf a kan saba guda, wato kwamfutar tsakiya da kowa ke shiga ta intanet. Abin da ke kwamfutarka fayilolin yau ne kawai. Git kuwa, wanda Linus Torvalds ya rubuta a Afrilun 2005 domin aikin Linux, yana ba kowa tarihin gaba ɗaya. Kamar a ce a Subversion littafi ɗaya ne a zauren malam, kowa sai ya je can ya duba. A Git kowane almajiri ya kwafe littafin tun daga bango har bango yana riƙe da nasa.

Shekara da shekaru muna amfani da Subversion lafiya. Me ya kawo wannan yanzu?

Gaskiya ne, Subversion bai cuce mu ba. Yana da sauƙin koyo, kuma ya riƙe mana amana muddin sabar na kunne. Sabar tamu wata kwamfuta ce a wani ofis a Khartum. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, wuta ta ɗauke a unguwar, mutanen ofishin suka watse, daga nan ba wanda ya ƙara iya kaiwa gare ta.

Abin da hakan ke nufi a aikace shi ne: ɗan'uwa da ya tsira da kwamfutarsa zuwa Wad Madani yana da fayilolin, amma ba zai iya adana gyara ko ɗaya a tarihi ba, ba zai iya duba yadda fayil yake wata uku baya ba, ba zai iya buɗe reshe ba, wato layin aiki na gefe da ake gwaji a kai kafin a haɗe shi da babban layi. Duk waɗannan a Subversion sai da saba. Ya ci gaba da gyara a kan gyara ba tare da wani shaida ba, har Disamban wannan shekarar da Madanin ma ta faɗa cikin rikicin, ya sake ɗaukar kaya.

Ba kuma yaƙin ne ya fara nuna mana wannan rauni ba. A Yunin 2019 an rufe intanet a ƙasar sama da wata guda. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka mutu kusan lokaci ɗaya. Mu mutane ne da ke warwatse tsakanin garuruwa da ƙasashe, wani yana da wuta ba shi da layi, wani yana da layi na awa ɗaya a shagon Starlink da kuɗinsa. Tsarin da ke buƙatar kowa ya isa wuri ɗaya kafin ya ajiye aikinsa bai dace da rayuwarmu ba. Dalilin ke nan, ba wai don Git ne ake yayi ba.

To idan sabar ta tafi, ina aka samo tarihin da za a juya?

Wani ɗan'uwa a Jidda, Allah ya saka masa da alheri, ya daɗe yana jan kwafin rumbun, wato ma'ajiyar fayilolin da tarihinsu, zuwa kwamfutarsa da umarnin svnsync. Kwafinsa ya tsaya kafin yaƙin da ɗan lokaci, amma duk abin da ya gabaci wannan yana nan cif. Giɓin da ke tsakani muna cike shi daga fayilolin da ke hannun mutane. Waɗannan gyare-gyaren za su shiga da sunan masu su, tare da bayani a fili cewa an dawo da su ne daga kwafin hannu, don kada wani ya ɗauka ranar da ke jikinsu ita ce ainihin ranar da aka yi su.

Da gaske Git na aiki ba intanet?

Ƙwarai. Adana gyara, duba tarihi, buɗe reshe, haɗe rassa biyu, komawa tsohon bugu, duk a cikin kwamfutarka suke faruwa. Layi ana nemansa ne kawai lokacin tura aiki ko karɓar na wasu.

Ko wannan ma akwai dabara. Umarnin git bundle yana dunƙule gyare-gyarenka a fayil guda, ka sa a filash ko ka tura ta WhatsApp lokacin da layi ya leƙo, wanda ya karɓa ya jawo su cikin nasa rumbun kamar daga saba suka zo. Akwai kuma git format-patch, mai mai da kowane gyara ƙaramin fayil na rubutu da ake aikawa ta imel. Masu aikin Linux har yau da imel suke karɓar gyare-gyare. Saboda haka malamin da ke Mai Wurno zai iya yin aikin mako biyu a natse, ya ba direban da ke zuwa Sinnar filash, aikinsa ya iso da sunansa da ranakunsa.

Ba zai cinye mini data ba, tun da tarihin duka zan sauke?

Saukewar farko ce mai nauyi, bayanta sabon abu kawai ake ja. Git na matse rubutu sosai, kuma yawancin aikinmu rubutu ne. Wanda datarsa ta yi ƙaranci ya ƙara --depth 1 a umarnin git clone, wanda da shi ake saukar da rumbu karon farko, zai samu fayilolin yau kaɗai, ya jawo sauran tarihin daga baya.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani tun yanzu: idan layi ya katse ana tsakiyar git clone, daga farko ake komawa. Subversion ya fi shi a nan, don shi yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Shi ya sa za mu ajiye dunƙulallen fayil na rumbun duka wanda ake saukewa kamar kowane fayil, a tsaya a ci gaba, ko a karɓa hannu da hannu.

Me ya sa ba Mercurial ba? An ce ya fi sauƙi.

Mercurial manhajar riƙe tarihi ce mai kyau, sa'ar Git ce ma, a wata ɗaya aka haife su, kuma umarninta sun fi tsabta. Sai dai jama'a sun tattara a ɗaya ɓangaren. Python ta bar Mercurial ta koma Git a 2017, OpenJDK ta bi a 2020, a shekarar kuma Bitbucket, wani masaukin rumbuna a intanet, ta daina karɓar rumbunan Mercurial. Mozilla ma, da ta daɗe a kansa, ta sanar a 2023 cewa Firefox zai koma Git. Yaron da ya koyi kwamfuta a jami'a a Khartum ko Jidda ko Kano, Git ya sani. Muna son in ya zo taimako ya fara aiki ranar da ya zo.

Me zai hana mu kwashi fayilolin yau kawai mu fara sabon shafi? Ai ya fi sauri.

Wannan shawarar ta zo daga mutane da dama, kuma ban yarda da ita ba ko kaɗan.

A aikin haruffa irin namu, dalilin abu ya fi abin kansa tsada. Akwai wurin da aka matsar da ɗigon imala ƙasa kaɗan, kuma bayanin gyaran ya ce an yi haka ne bayan an gwada da rubutun allo na masu karatun Warshu. Akwai haruffan da muka daɗe muna wakilta da wasu alamomi na wucin gadi, har Unicode, ƙa'idar da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta ƙara haruffan Larabci na rubuta Hausa a bugunta na 13 a 2020 muka canza. Wanda ya zo bayan shekara biyar ya ga waɗannan wurare ba tare da tarihi ba, zai ɗauka kuskure ne ya "gyara", a koma gidan jiya. Da tarihi kuwa, git blame zai nuna masa layin, da wanda ya rubuta, da hujjarsa.

Manyan ayyuka ma ba su yar da nasu ba. PostgreSQL ta fito daga CVS, wata tsohuwar manhajar riƙe tarihi, ta koma Git a 2010 da tarihinta. GCC ta koma Git a Janairun 2020 ɗauke da tarihin sama da shekara talatin, bayan doguwar muhawara kan kayan juyawar, aka ƙare a kan reposurgeon na Eric Raymond. FreeBSD ta yi nata a ƙarshen 2020. Namu bai kai ɗigon nasu ba, don haka ba mu da uzuri.

Sannan akwai hakki. Cikin waɗanda suka sa hannu a wannan aiki akwai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama, akwai kuma waɗanda har yau ba mu ji ɗuriyarsu ba. Sunayensu na cikin tarihin nan a kan layukan da suka rubuta. Ba zan zama wanda ya goge su ya sa sunansa a kan komai da gyara guda ba.

Yaya ake juyawar?

Da git svn, wanda ke bin bugunan Subversion ɗaya bayan ɗaya yana mai da kowanne gyaran Git. Rumbunmu na bin tsarin da aka saba na trunk da branches da tags, wato babban layi da rassa da alamomin bugu, don haka zaɓin --stdlayout ya ishe shi gane babban layi da rassa.

Aikin hannun yana bayan nan. Alamomin bugu a Subversion manyan fayiloli ne (wato folda, mazubin fayiloli) da aka kwafa, har ana iya shiga a gyara su, to git svn na kawo su a matsayin rassa, sai an bi su an mai da su alamomi na gaskiya. Jerin fayilolin da aka ce a yi watsi da su, wanda ke cikin svn:ignore, ana mai da shi fayil ɗin .gitignore. Maganar ƙarshen layi tsakanin masu Windows da masu Linux ana rubuta ta a .gitattributes, in ba haka ba mutum ya gyara harafi ɗaya a ga kamar ya canza fayil duka.

Kafin a wallafa za a bi tarihin da git filter-repo a cire abin da bai kamata duniya ta gani ba, irin kalmar sirrin da ta taɓa shiga fayil ɗin saiti. Wannan sai an yi shi kafin kowa ya kwafa, domin canza tsohon gyara yana canza lambar shaidar duk wanda ya biyo bayansa. Kalmar sirrin ita kanta an canza ta.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda na fi ba muhimmanci: a fitar da kowane bugu da muka taɓa saki daga tsohon rumbu, a fitar da takwaransa daga sabo, a gwama su fayil da fayil. Duk inda suka saɓa sai an san dalili. Za a maimaita juyawar sau nawa ne ma har sai sun yi daidai, tun da ba abin da ke ɓaci a tsohon.

Malam, sunana zai fito daidai kuwa? A da da laƙabi nake shiga.

Subversion gajeren sunan shiga kawai ya sani, Git kuwa yana son cikakken suna da imel. Ana rubuta fayil guda mai layi ɗaya ga kowane mutum: laƙabinsa, alamar daidai, sunan da yake so, sai imel ɗinsa. Idan git svn ya ci karo da laƙabin da ba ya cikin jerin, tsayawa yake yi, don haka ba wanda zai faɗi a hanya ba a sani ba.

Abin da nake roƙo shi ne kowa ya turo yadda yake son a rubuta sunansa, da boko ko da haruffan Larabci, duka Git na ɗauka, har da ƙ da ɗ da ɓ. Wanda yake da laƙabi biyu ya faɗa a haɗe masa. Ku tuna imel ɗin zai zauna a tarihi kowa na gani. Wanda halin da ake ciki ya sa ba ya son a san sunansa ko inda yake, ya zauna a kan laƙabinsa, ya yi amfani da adireshin ɓoye da GitHub, masaukin da za mu ajiye rumbun a intanet, ke bayarwa, ba wanda zai tambaye shi dalili. Waɗanda ba mu samu ba za a bar su da laƙabinsu yadda yake. In Allah ya sa sun bayyana, fayil ɗin .mailmap na gyara yadda suna ke fitowa ba tare da an taɓa tarihi ba.

Lambobin bugu fa? Mun saba cewa "duba r412".

Za su tafi, kuma ni ma zan yi kewarsu. Git ba ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, don babu wuri ɗaya mai raba lamba. Kowane gyara na da lambar shaida mai harafi 40, amma bakwai ko takwas na farko sun isa a kira shi. Mun bar layin git-svn-id da ke ƙasan bayanin kowane tsohon gyara, mai ɗauke da tsohuwar lambar, saboda wanda ya ga r412 a tsohuwar takarda ya iya nemo shi da git log --grep.

Ban da lambobi, me kuma za mu rasa?

Kulle fayil. A Subversion mai zanen haruffa na iya kulle fayil har ya gama, kada wani ya taɓa. Git shi kaɗai ba shi da wannan, kuma ba ya iya haɗe gyara biyu a fayil ɗin da ba rubutu ba. Maganinmu shi ne tushen haruffan ya zauna a tsarin UFO, inda kowane harafi ke da nasa ƙaramin fayil na rubutu. Mutum biyu na iya aiki a kan haruffa daban-daban ba karo. Fayil ɗin TTF da ake sakawa a kwamfuta ba zai ƙara shiga rumbu ba, za a riƙa haɗa shi daga tushe lokacin sakin bugu.

Git ba ya riƙe babban fayil da ba komai a cikinsa, kuma ba ya ba mutum izinin wani sashe ya hana shi wani. Wanda ya kwafi rumbu ya ga komai. A aikin da dama a buɗe yake, wannan bai dame mu ba.

Hotunan tsofaffin rubuce-rubucen da muke kwaikwayon hannunsu fa?

Ba za su bi mu cikin babban rumbu ba. Duk abin da ya shiga tarihin Git kowa zai sauke shi har abada, ko da an goge shi daga baya, kuma GitHub ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100. Za su samu nasu wurin daban, mai buƙata ya je ya ɗauka.

Na gwada, sai sunayen fayilolin Larabci suka fito lambobi da karkatattun sanduna. Sun lalace ne?

Lafiyarsu ƙalau. Git ne ke nuna duk harafin da ba na Ingilishi ba a haka in ba a hana shi ba. Rubuta git config --global core.quotepath false, za su dawo yadda ka san su.

GitHub na kamfanin Amurka ne. In aka wayi gari an toshe Sudan fa?

Tambaya ce ta wanda ya ga jiya. A Janairun 2010 SourceForge, wani masaukin ayyukan manhaja, ta toshe masu shiga daga Sudan da wasu ƙasashe huɗu saboda takunkumin Amurka, Google Code ma haka ya yi mana. An ɗage babban takunkumin a Oktoban 2017, aka cire Sudan daga jerin ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci a Disamban 2020, amma wanda ya sha wannan ba zai saki jiki ba, kuma yana da gaskiya.

A rarrabe abu biyu: Git manhaja ce ta kowa, GitHub kuwa masauki ne, mallakar Microsoft tun 2018. Mun zaɓe shi don can jama'a suke. Za a ajiye madubin rumbun a Codeberg, wadda ƙungiya ce mai zaman kanta a Jamus, ga kuma cikakken kwafi a kwamfutar kowannenmu. In an rufe ƙofa yau, umarni ɗaya ne a nuna wa Git sabon adireshi.

Abin da ba ya cikin Git shi ne rahotannin matsaloli da muhawarar da ake yi a kan gyara kafin a karɓe shi. Waɗannan a hannun masaukin suke. Don haka ƙa'idarmu: duk hujjar da ta sa aka karɓi gyara a rubuta ta a bayanin gyaran kansa, kada a bar ta a zaren hira.

Lasisin zai canza?

A'a. Haruffan na nan a ƙarƙashin lasisin OFL, allon bugawa a ƙarƙashin lasisin GPL, dukkansu lasisin buɗaɗɗen aiki ne, hakkin kowa na hannunsa.

Ni malama ce, gyaran kalmomi da wasula nake yi, ban san baƙin allon umarni ba. An bar ni a baya ke nan?

Ko kusa, Malama. Aikinku ne ma ya sa haruffan suka zama abin da mai karatu zai yarda da shi. Wadda ta saba da TortoiseSVN za ta ga TortoiseGit kusan kamarsa ne, danna dama ne a kan fayil. Sabon abu ɗaya ne za ki riƙe: adanawa daban, turawa daban. Kin adana gyara yana kwamfutarki ne kawai, sai kin tura sauran za su gani. Ƙaramin gyara kuma ana iya yinsa kai tsaye a burauza, ko daga waya.

In duk wannan ya yi nauyi, turo gyaran yadda kika saba, ko hoton takarda ne. Git na bambanta wanda ya yi gyara da wanda ya shigar da shi, don haka sunanki ne zai fito a matsayin mai aikin ko da wani ya shigar.

Ina da gyare-gyare a tsohon kwafina da ban taɓa turawa ba. Yaya zan yi da su?

Kada ka goge tsohon babban fayil ɗin, kada kuma ka kwafe shi a kan sabon. Shiga cikinsa ka yi svn status ka ga abin da ka taɓa. Wannan da svn diff ba sa buƙatar saba. Sabbin fayilolin da ka ƙirƙira ka yi musu svn add tukuna, in ba haka ba ba za su fito ba. Sai ka yi svn diff ka zuba sakamakon a fayil, ka duba lambar bugun da kwafinka ya tsaya a kai da svn info, ka turo su tare. Da wannan lambar za mu buɗe reshe daga daidai inda ka tsaya, mu ɗora gyaranka a can, sannan a haɗe shi da babban layi. Hotuna da sauran fayilolin da ba rubutu ba svn diff ba ya ɗauko su, sai ka haɗo su daban, ka rubuta kusan watan da ka yi kowane aiki gwargwadon abin da ka tuna.